Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara Idan An Hana Ka Diyyar Naƙasar Da Ka Samu A Wurin Aiki

Ƙanin matata ya shigo zaurena bayan la'asar, ya zaro wata takarda daga aljihun gaba da hannun hagu, don bai saba riƙe abu da na daman ba tukuna. An ninke ta gida huɗu, gumi ya jiƙa ta ya bushe, har ta fara tsagewa a kan ninkin. Inji ne ya cinye masa yatsu uku a wani kamfani a unguwar Kakuri, nan Kaduna. Ya cike fom na neman diyya, amsa ta dawo cewa ba za a biya ba. Ya ce, "Yaya, sun ce ba ni da haƙƙi. Na bar wa Allah."

Na karɓa na duba kwanan watan da ke saman takardar, na ƙirga a kalandar waya, sai gabana ya faɗi. Kwananta 131 a aljihunsa. Saura kwana 49 a rufe ƙofa, shi kuwa bai ma san akwai wata ƙofa ba.

Saboda shi da ire-irensa nake wannan rubutu. Tawakkali ibada ne, amma bai hana mutum bin haƙƙinsa ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, ɗaukaka ƙara ba kuka ba ne, ba kuma roƙon tausayi ba ne. An ba ka dalilin da ya sa aka hana ka, kai kuma za ka rushe wannan dalilin da takarda, a cikin wa'adin da doka ta yanka.

Wace doka ce, wa kuma ta shafa

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ita ce tushen maganar. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Disamba na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar diyya. Hukumar da aka ɗora wa aikin ita ce Asusun Inshorar Ma'aikata na Ƙasa, wato NSITF, mai hedikwata a Abuja da ofis a nan Kaduna. Mai kamfani ne yake zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata a asusun. Ma'aikaci ba ya zuba ko kwabo, kuma doka ta haramta a cire masa kuɗin daga albashi.

Mutane da yawa suna cire kansu da kansu. Wani ya ce ai shi ɗan wucin gadi ne, wani ya ce shi ɗan koyo ne, wani ya ce ba a taɓa ba shi takardar kama aiki ba. Dokar ta haɗa su duka: na dindindin, na wucin gadi, mai aikin rabin rana, ɗan koyon sana'a, har mai aikin gida in dai ba ɗan gidan ba ne, ko da baki aka ƙulla yarjejeniyar. Ta haɗa ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. Sojoji ne kawai ta ware, ban da farar hular da ke aiki tare da su. Haka kuma ba tsarin neman mai laifi ba ne. Ba sai ka tabbatar kamfani ya yi sakaci ba. Abin da ake nema ka nuna shi ne aikin ne ya jawo raunin, ko kuma a cikin aikin ya same ka.

Idan naƙasar ta dindindin ce kuma ta hana ka aiki gaba ɗaya, doka ta ce a riƙa ba ka kashi 90 cikin 100 na albashinka duk wata. Mai ɗaukar naira 100,000 zai riƙa samun 90,000 ke nan. Idan wani ɓangare ne na ƙarfinka ya tafi, ana ƙiyasta abin da raunin ya rage maka na samu, a ba ka kashi 90 na wannan giɓin. Akwai kuma kuɗin magani, da ƙafa ko hannun roba, da koyar da wata sana'ar. Na kawo wannan ne don ka san abin da kake shirin bari ba ƙarami ba ne.

Mataki na farko: ƙirga kwanakinka yau

Sashe na 55 na dokar ya ba duk wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba damar neman a sake dubawa, a rubuce, cikin kwana 180 daga ranar da aka yanke hukuncin. Wanda ya wuce haka ya rasa damar.

Lura da abu uku. Ana ƙirgawa ne daga ranar hukuncin, ba daga ranar da takardar ta iso hannunka ba, alhali sau da yawa ta kan yi makonni a ofishin kamfani kafin a kira mai ita. Asabar da Lahadi da hutun Sallah duk suna cikin lissafi. Sannan kwana 180 bai kai wata shida na Bature ba. Takardar da aka rubuta ranar 3 ga Maris, wa'adinta yana cika ranar 30 ga Agusta. Wanda ya ce bari 3 ga Satumba ta yi ai wata shida ke nan, ya makara da kwana huɗu. Rubuta ranar ƙarshen a bangon ɗakinka, ka gaya wa matarka ko ɗanka, sannan ka yanka wa kanka wa'adin da bai wuce wata biyu ba. Kada ka taɓa wasa da bakin iyaka.

Mataki na biyu: a ba ka dalilin a rubuce

Wasu ba su ma da takarda. Wani ne a kamfani ya ce musu, "Abin nan naka fa bai yiwu ba." Wannan ba hukunci ba ne, magana ce. Ka je ofishin NSITF da kanka, da katin shaidarka da lambar fayil ɗinka, ka nemi takardar hukuncin. In an ce ka dawo, ka rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa ta neman kwafin hukuncin da dalilansa, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka.

Ka kuma nemi sanin abin da kamfaninku ya rubuta a kanka. Nan ne ƙanin matata ya gano matsalarsa. A rahoton da kamfanin ya aika, an rubuta cewa ranar ba shi ne a kan aiki ba, wai ya shigo ne don kansa. Hukuma kuwa da abin da ke cikin fayil take aiki. Da bai ga wannan layin ba, da ya ɓata lokacinsa yana tara takardun asibiti a kan abin da ba wanda ya musa.

Idan ba ka jin Turanci sosai, kada kunya ta sa ka ce ka gane. Samu wanda ka amince da shi ya fassara maka layi bayan layi, sannan ka maimaita masa dalilin da bakinka har sai ka iya faɗarsa a jimla ɗaya.

Mataki na uku: kowane dalili da maganinsa

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a nan.

In an ce ba ka sanar da wuri ba. Doka ta ce ma'aikaci ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14 da faruwar abin, shi kuma mai kamfani ya kai wa hukuma rahoto cikin kwana 7. Rashin sanarwa yana iya kashe buƙata. Amma sashe na 4 ɗin da ya kafa sharaɗin shi ne kuma ya buɗe mafita: idan mai kamfani ko wakilinsa ya san da abin, ko bayanin da aka bayar ya isa a gane raunin ko da bai cika ba, ko kuma jinkirin bai cuci kamfanin ba kuma adalci yana neman a biya, hukuma tana iya karɓa. To wa ya kai ka asibiti? Da motar wa? Wa ya biya kuɗin kati a ranar? Shugaban sashenku ya zo duba ka a gado? Kowanne daga cikin waɗannan hujja ce cewa sun sani. Rasit ɗin asibiti mai sunan kamfani ya fi rantsuwar mutum goma amfani a nan.

In an ce ka makara wajen cike fom. Wa'adin shigar da buƙata shekara ɗaya ne daga ranar raunin ko naƙasar. Idan akwai wani uzuri na musamman da ya hana ka, hukuma tana da ikon karɓa har zuwa shekara uku. Uzurin ne za ka tabbatar: doguwar jinya, tiyata bayan tiyata, taɓuwar ƙwaƙwalwa bayan buguwa a kai. Takardar kwanciya da ta sallama daga asibiti su ne za su yi maka magana. "Ban sani ba" shi kaɗai uzuri ne mai rauni, kada ka jingina da shi.

In an ce ba a wurin aiki abin ya faru ba. Mutane suna zaton sai a cikin harabar kamfani. Sashe na 7 ya haɗa da hatsarin da ya same ka a hanya tsakanin wurin aiki da gidanka, ko inda ka saba cin abinci, ko inda kake karɓar albashi, matuƙar mai kamfani ya san da wurin tun kafin nan. Wanda Keke ya kife da shi a hanyar Rigasa yana komawa gida bayan tashi, yana da magana, in dai adireshin Rigasa ne a fayil ɗinsa na ofis. Idan ka tashi daga gidan da suka sani ba ka sanar ba, za ka sha wahala, don haka ka nemo duk abin da zai nuna sun san sabon gidan. Haka wanda aka aika aiki Zariya ko Kafanchan, ko da ya yi nisa da ofis, a bakin aiki yake. Hatsarin hanya yana buƙatar rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, mai ɗauke da rana da lokaci da wuri.

Game da ƙanin matata, abu biyu ne suka tsamo shi. Rajistar bakin ƙofa, inda ya sa hannu da ƙarfe shida saura na safiyar ranar, da kuma saƙon WhatsApp da shugaban sashensu ya tura masa da daddare yana cewa ya zo ya riƙe wa wani aikin safe. Wayar ta fashe fuska, yana ma shirin sayar da ita. Muka ɗauki hoton saƙon da lambar wanda ya turo da kwanan wata a jiki, muka buga a takarda, muka ajiye wayar a akwati. Kada ka goge saƙo, kada ka sayar da waya, sai magana ta ƙare.

In an ce ai dama kana da ciwon. Wannan ya fi faɗa wa masu ciwon baya da gwiwa da ido. Doka ba ta ce mai tsohon ciwo ba shi da rabo ba. Ta ce idan sabon rauni ya hau kan tsohuwar naƙasa, a biya gwargwadon abin da sabon ya ƙara. Aikin likita ne ya raba tsakani, kai kuma aikinka ka nuna cewa kafin ranar kana zuwa aiki cikakke, kana ɗaukar cikakken albashi.

In ciwon a hankali ya shigo. Kaduna a da gari ne na masaƙu, tun daga buɗe ta farko a Kakuri a 1957, kuma duk wanda ya taso a Kakuri ko Makera ko Nasarawa ya san dattawan da sai an ɗaga murya suke ji, da masu tarin da ba ya ƙarewa. Dokar ta san da irin wannan. Tana da sashe a kan cutar da sana'a take jawowa, da jerin cututtukan a jadawalinta na farko, da sashe na musamman a kan raunin ji saboda ƙarar wurin aiki, har da sashe a kan taɓuwar hankali da aiki ya haddasa. A nan babu ranar hatsari da za ka nuna, don haka tarihin aikinka ne hujja: shekara nawa ka yi, a wane sashe, kusa da wane inji, da wace ƙura ko sinadari.

In an ce ba a same ka a jerin ma'aikata ba, ko kamfaninku ba ya zuba kuɗi. Wannan ita ce mafi wuya, ba zan ɓoye maka ba. Zuba kuɗin wajibi ne a kan mai kamfani, rashin yinsa laifinsa ne, ba naka ba. Ka tara duk abin da ke nuna kai ma'aikacinsu ne: katin aiki, takardar bayanin asusu daga banki mai nuna shigowar albashi wata-wata, kakin aiki, hotuna, abokan aiki biyu da za su tsaya maka. Ka shigar da ƙorafinka cikin wa'adi duk da haka, amma ka nemi lauya tun yanzu, don mai yiwuwa da kamfanin za a ƙare a kotu.

Sai ƙaramin abu mai ɓata babban aiki, wato suna. Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Mamman a katin asibiti, ga sunan gari a wani wuri, sunan uba a wani. Ka jera takardunka a tabarma ka duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. In sun saɓa, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk mutum ɗaya ne, ka haɗa da ita.

Mataki na huɗu: rahoton likita

Yawancinmu in ƙashi ya karye, wajen mai ɗori ake fara nufa. Ba na raina masu ɗori, sun tayar da mutane da yawa. Amma mai ɗori ba ya ba da takarda, hukuma kuma ba ta karanta tabo. Idan haka ta faru da kai, kada ka ƙirƙiro labari. Ka je asibiti yanzu, a ɗauki hoton ƙashin, ka gaya wa likita gaskiyar ranar da abin ya faru da inda aka fara kai ka. Hoton yana nuna tsohuwar karaya, likita kuma yana iya rubuta ko ta dace da labarinka.

Mun yi dace a Kaduna da asibitocin ƙwararru. Mai matsalar ido yana da Cibiyar Ido ta Ƙasa a hanyar Mando. Mai matsalar ji yana da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, inda ake gwajin da ke fitar da yawan jin da ya ragu a kowane kunne. Mai matsalar ƙwaƙwalwa yana da asibitin tarayya na Barnawa. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano ga wanda aka tura can.

Rahoton da ya ce "mun duba shi, yana samun sauƙi" ba zai yi maka komai ba. Ka roƙi likita cikin ladabi ya fayyace abin da ya same ka da sunansa na likitanci, da ranar da aka fara ganinka, da aikin da aka yi maka, da ko raunin ya dace da irin hatsarin da ka bayyana, da ko naƙasar ta zauna ke nan ko ana sa ran sauƙi, da kuma abin da ba za ka iya yi ba yanzu. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar rahoton. Rasa yatsu uku ga mai gadi daban, ga mai sarrafa inji daban. Ka gaya wa likita ainihin aikinka, ka nuna masa da hannu yadda kake yinsa. A tabbata akwai sunansa da sa hannunsa da hatimin asibiti da kwanan wata.

Idan hukuma ta kira ka gaban nata likitocin, ka je, kada ka fasa. A nan ina da roƙo. Mu Hausawa in aka tambaye mu jiki, "da sauƙi, alhamdu lillahi" muke cewa ko da ba mu runtsa ba daren jiya. Wannan ladabi ne mai kyau a gaisuwa, amma a gaban likitan tantancewa yana iya rage maka kaso. Ka gode wa Allah, sannan ka faɗi gaskiya: ba ka iya ɗaure maɓalli, ba ka iya tsugunno, sai a zaune kake salla, sai an zuba maka ruwan alwala. Kada ka ƙara, kada ka rage.

Mataki na biyar: rubuta wasiƙar

Da Turanci za a rubuta ta, zuwa ga hukumar gudanarwar NSITF, ta hannun ofishinsu na Kaduna. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. A sama a sa cikakken sunanka kamar yadda yake a fayil, da lambar fayil, da sunan kamfani, da lambar wayar da kullum take kunne. Layin farko ya faɗi kai tsaye cewa kana neman a sake duba hukuncin da aka yanke ranar kaza, a ƙarƙashin sashe na 55 na dokar 2010, kuma kana cikin kwana 180. Sai labarin abin da ya faru a layi biyar ko shida, da rana da lokaci da wuri. Sai ka kawo dalilin da aka ba ka kamar yadda suka rubuta shi, ka amsa shi, kana nuni da takardun da ka haɗa, kowace da lambarta: takarda ta 1 rajistar ƙofa, ta 2 saƙon waya, ta 3 rahoton likita. A ƙarshe ka faɗi abin da kake nema ƙarara: a soke hukuncin, a amince da buƙatarka, a biya ka tun daga lokacin da haƙƙin ya fara, a mayar maka da kuɗin maganin da ka kashe, ga rasit.

Ƙanin matata ya so a sa cewa yana da 'ya'ya biyar, ga haya ta ƙare. Gaskiya ne, kuma ni ma abin yana cina. Amma na ce masa layi ɗaya ya isa, don ba yawan iyali aka musa masa ba. Zagi da zargin da ba ka da hujjarsa su ma a bar su. Wanda ya rubuta maka ya karanta maka ita da Hausa kafin ka sa hannu ko ka dangwala.

Akwai wata takarda kuma da nake gargaɗinka a kanta. Wani kamfanin zai kira ka ya miƙo ɗan abin sallama, ya ce ka sa hannu ka yafe sauran. Sashe na 13 ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai kamfani ta yafe haƙƙinsa na diyya ɓatacciya ce. In ka riga ka sa hannu, ba ta kashe maka magana ba, ka gaya wa lauya. In ba ka sa ba, kada ka sa.

Mataki na shida: miƙawa da bibiya

Ka yi fotokofi na komai, saiti uku. Na asali su zauna a gida, sai in an ce ka kawo a gani, a gani kuma a hannunka. Ka miƙa saiti ɗaya, a buga hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a kan naka kwafin. Wannan hatimin shi ne shaidarka cewa ka shigo cikin wa'adi, ka ɗauki hotonsa ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye. In wa'adi ya matso, ka ƙara aika wani saitin hedikwata ta kamfanin aika saƙo, ka adana rasit.

In jikinka ba ya ɗaukar tsayuwa, ka sani Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara sallamarka a layi. Ka nema, ba alfarma ba ce.

Doka ta ba hukumar kwana 180 ita ma ta yanke hukunci a kan ƙorafinka. Ka sayi ƙaramin littafi, duk zuwa ka rubuta rana da wanda ka gani da abin da aka ce. Bayan kowane wata ka leƙa. Duk wanda ya tare ka a waje ya ce ka kawo na goro zai tura maka fayil, ka wuce shi. In kana cikin ƙungiyar ƙwadago, ka sa sakataren reshenku ya rubuta wasiƙar goyon baya. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ma a Kaduna hedikwatarta take. In shiru ya yi yawa, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a Kaduna, kuma kyauta take aiki. Amma kai kuka can ba ya tsayar da ƙirgen kwanakinka, ba ta kuma shiga maganar da ke gaban kotu.

In an sake hana ka

Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kaduna. Can ne sashe na 55 ya ce a kai ƙarar hukuncin hukumar, shi ya sa ba a tsallake matakin farko a faɗa kotu kai tsaye. Ranar da hukunci na biyu ya fito, a makon nan ka ga lauya. Akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati mai cewa a shigar da ƙara cikin wata uku, kuma lauyoyin hukumomi suna yawan kafa hujja da ita. Kada ka ba kowa wannan ƙofar.

Rashin kuɗin lauya ba ya rufe hanya. Hukumar tarayya mai ba talaka lauya kyauta, wadda kowa yake kira Legal Aid, tana da ofis a Kaduna, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci ƙarar diyyar ma'aikata da suna a cikin abin da take ɗauka. An gina ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Mutumin da rauni ya zaunar, yawanci ya shiga wannan sahu. In lauya mai zaman kansa za ka ɗauka a kan ya cire kasonsa bayan an ci, a rubuta kason tun farko.

A wannan kotu, a rubuce ake shigar da bayanin shaidu tare da ƙarar tun ranar farko. Don haka abokan aikin da suka ce za su tsaya maka, ka karɓi lambobinsu da adireshin gidajensu tun yau. Wanda yake cikin kamfani yana tsoron abincinsa, kada ka ga laifinsa. Wanda ya bar aikin ya fi sakin baki. Wanda bai gamsu da hukuncin wannan kotu ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ta gaba, daga ita kuma babu sama.

In an amince

Ƙanin matata bai kai ga kotu ba. An sake duba fayil ɗinsa, aka karɓi buƙatarsa. Ya zo da sabuwar takardar, wannan karon a cikin ambulan, yana ta murna, na ce ya zauna tukuna mu karanta. Ka duba albashin da aka yi lissafi da shi, ko shi ne ainihin abin da kake ɗauka. Ka duba kason naƙasar da aka yanka maka, ko ya dace da rahoton likita. Ka duba ranar da biyan zai fara da ranar da zai tsaya, don doka ta ɗaure biyan wata-wata da shekaru: wanda bai kai 55 ba a ranar raunin ana biyansa har ya cika 55, ko zuwa lokacin da hukuma ta gamsu zai yi ritaya in ya wuce haka, wanda kuma ya riga ya kai 55 yana da aƙalla shekara biyu. Ranar haihuwar da ke fayil ɗinka ke nan ta zama kuɗi.

Idan kason ya gaza, shi ma hukunci ne, kana da damar ƙalubalantarsa. Idan kuma kana cikin tsarin fansho na karo-karo kuma likitoci sun tabbatar ba za ka iya komawa aiki ba, dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar taɓa asusunka kafin ka cika shekara 50. Wannan hanya ce daban, ta hannun kamfanin da ke riƙe da fanshonka, kuma rahoton likitan nan da ka sha wahalar samu za su fara tambaya, don haka ka ajiye kwafi ɗaya a gefe saboda su.